Sanyin Madina da ƙananan yara: tambayoyin da sababbin zuwa suka fi yi mini

Shekarata goma sha ɗaya a Madina, yara huɗu na goya a nan. Duk shekara in Disamba ta kama sai wata sabuwar zuwa, galibi matar ɗalibin Jami'ar Musulunci, ta shigo mini da jariri naɗe kamar ƙunshin goro tana cewa, "Yaya, ashe ƙasar nan ana ɗari haka?" Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai da gaske ana sanyi a Saudiyya, ko dai raki ne?

Ya danganta da garin da kike. Wadda take Makka ko Jidda ba ta da abin kuka, rigar sanyi mara nauyi ta ishe ta, wani daren ma sai an kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Madina daban ce, musamman daga tsakar dare zuwa hantsi. Riyad ta fi mu, Ɗa'if tana kan dutse, su kuwa mutanen arewa irin Tabuka da Ɗuraif har ƙasa da sifili sanyinsu yake sauka, ƙanƙara ta rufe dutsen Jabalul Lauz a yi ta ɗaukar hoto.

Larabawa suna da lissafinsu kamar yadda manomanmu suke da nasu. Wajen 7 ga Disamba suke cewa Murabba'aniyya ta shiga, kwana 40 ke nan na tsananin sanyi. Daga tsakiyar Janairu sai Shabɗu mai iska, a Fabrairu kuma Aƙarib, inda ake fara samun sassauci.

Abin da ke ruɗa baƙo shi ne gidajen. A gida in hunturu ya matsa, sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a sha hantsi. Nan kuwa zafi aka gina wa gidajen: tayil a ƙasa, siminti, ƙananan tagogi, ke kuma kina shagga, wato sashen gidan bene, a hawa na uku. Da azahar sai ki tarar titi ya fi falonki ɗumi. Saboda haka kafin komai a sayi kafet ko a shimfiɗa tsohon bargo inda yara suke rarrafe.

A gida kaskon gawayi muke sa wa a ɗakin mai jego. Me ya sa a nan ake ta hana mu?

Wannan ce tambayar da na fi son a tsaya a kanta, don ni ma na taɓa yin gangancin. Sanyinmu na farko, baban yara ya shigo da ƙaramin buhun gawayi irin na gasa nama. Muka hura a kasko, muka ajiye a falo, har na cusa tsumma a ƙasan ƙofa kada iska ta shigo. Wajen ƙarfe biyu na dare na farka kaina kamar ana sara shi da gatari, babbar 'yata, lokacin tana shekara biyu, ta yi amai a kan filo ta koma ta yi lamo. Na ɗauka abincin dare ne. Allah ya taimake mu baban nasu ya buɗe ƙofa zai kai kaskon waje don ya ga ya kusa mutuwa, iska ta shigo, muka fara dawowa hayyacinmu. Da safe na ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu labari, haifaffiyar nan ce amma Hausarta tsaf. Ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, kashe kanku za ku yi? Nan ba ɗakin kakarki ba ne."

Gaskiyarta. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta zagayawa, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ko da garwashin ya yi jajir babu hayaƙi tana nan tana fita. In aka shaƙe ta sai ta kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, shi ya sa take cin mutane suna kwance. Yaro ƙarami ya fi saurin numfashi, don haka ya fi saurin kamuwa. Ɗakunanmu na gida suna da kafofi ta saman ƙofa da ƙarƙashin rufi, duk da haka ma can ana rasa rayuka. Tagogin nan kuwa da roba aka liƙe su don ƙura da sanyin mukayyif, ko zare ba ya wucewa.

In kin ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ko'ina, a fita waje, a kira motar asibiti a 997. Na 'yan kwana-kwana 998 ne.

To da me za mu ɗumama ɗakin?

Daffaya, wato na'urar ɗumama ɗaki, ta lantarki mai mai a ciki, wadda take kama da haƙarƙari, ita na fi yarda da ita a gidan yara, don ba ta da jan ƙarfe a fili. Mai jan ƙarfen nan tana jan hankalin mai rarrafe kamar alewa, kuma gefen bargo in ya taɓa ta shi ke nan. Ta gas da ta kananzir hukuncinsu ɗaya da gawayi: a bar taga a ɗan buɗe, a kashe kafin a kwanta. Kada a shanya kayan yara a kan daffaya, kada a haɗa ta da tukunyar shayi a jona ɗaya. Ki duba rimot ɗin mukayyif ɗinki ma, da yawa suna da wajen zafi, na yi shekara uku ban sani ba.

Turaren wuta kuma, na san ba za mu bari ba. A turara ɗakin yara ba sa ciki, a buɗe taga hayaƙin ya fita, sannan su shigo. Mai fuka ko mai tari kada a kusantar da shi ko kaɗan.

Kaya nawa zan sa wa jariri?

Abin da kika sa, ki ƙara masa ɗaya. Iyaye mata tafin hannu suke taɓawa su ji sanyi su ƙara bargo, alhali hannun jariri dama yakan yi sanyi. Ki zura yatsu ta ƙeyarsa ko ƙirjinsa. In kin ji ɗumi ya isa, in kin ji gumi kin yi yawa. Hula ta fita waje ce, in zai yi barci a ɗaki a cire. A kwantar da shi rigingine, kada bargo mai nauyi ya kai fuskarsa. Bargunan nan masu laushi da alhazai suke saya tsaraba, na manya ne.

Wanka fa, kullum ko a riƙa tsallakewa?

Na yaro mai wasa ba sai an tsallake ba, a dai mayar da shi hantsi ko bayan azahar. Jariri in an goge masa wuya da hammata da mazaunai, kwana ɗaya ba wanka ba zai cuce shi ba. Ruwan sahhana, wato hitar ruwan wanka, shi ne abin tsoro, yana fitowa kamar na fige kaza. A fara zuba na sanyi a baho, a sirka, a gwada da gwiwar hannu. Yana fitowa jikinsa da ɗan laima a shafe shi da man kaɗanya ko basilin, don iskar Madina busasshiya ce, kaushi da fashewar leɓe ba sa jira.

Yarona tun da aka shiga sanyi majina ba ta tsaya ba. Yaushe zan kai shi asibiti?

Mura ƙwayar cuta ce take kawo ta, sanyi dai yana tara mu a ɗaki ɗaya a rufe mu yi ta ba juna. Ɗan makaranta ya ɗauko, ƙannensa su karɓa, kafin ta gama zagaye gidan wata ta shigo. Yawancinta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma take wucewa, tarin yakan ɗan daɗe.

Numfashi za ki sa wa ido, ba majina ba. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon waya. Wanda bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk ya ja iska, ko ya ƙi nono, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ba maganar jiran gari ya waye ba ce. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai 38, asibiti kai tsaye. Mai shakka ta kira 937, layin ma'aikatar lafiya, akwai likitocin da suke amsawa dare da rana. In Larabcin bai zauna ba tukuna, ki miƙa wa maƙwabciya wayar.

Na je saidaliyya, wato kantin magani, sun hana ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, wai sai da takardar likita. Me zan ba shi a gida?

Tun 2018 aka tsaurara wannan dokar, kuma ni ban ga laifinta ba, don irin wannan maganin ba ya taɓa mura. Ruwan gishirin ɗigawa a hanci yana buɗe wa jariri hanya kafin ya kama nono. Farasitamol na yara gwargwadon nauyinsa in akwai zazzaɓi, asfirin kuwa ba na yara ba ne. Zuma da ruwan ɗumi tana kwantar da tari ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Wanda bai kai ba ko lasa kada a ba shi, ko da kakarsa ce ta aiko da ita daga gida, don tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Man zafi ma ba a shafa wa ɗan ƙasa da shekara biyu, balle a cusa masa a hanci. Allurar rigakafin mura mai tsanani ana yi wa yaro tun yana ɗan wata shida, gara a yi ta kafin sanyi ya kankama.

Sauran kuma aikin tukunya ne: kunun gyaɗa da safe, miyar adas (wani irin ƙaramin wake) da daddare, shayi da citta ga manya. Nawa sun fi son kunun tsamiya, sai dai geron nan tsadarsa ta sa sai ranar Juma'a.

In fita da su, ko in kulle su har sanyi ya wuce?

Ki fita da su! Wata shida muna ɓuya daga rana, wannan ne kaɗai lokacin da yaro zai yi gudu a fili ba a ce zai suma ba. Duk ranar da ake yi a ƙasar nan, ƙarancin bitamin D ya yi yawa, saboda rayuwar daga ɗaki sai mota, mu kuma baƙar fata mun fi bukatar daɗewa a rana kafin jiki ya samu rabonsa. Shi ya sa likitoci suke rubuta wa masu shan nono ɗigonsa, kada ki raina shi.

Bayan la'asar hanyar ƙafa da ta tashi daga Harami zuwa Ƙuba cike take da iyalai, ga lambun Sarki Fahad, ga filin Uhudu. A dai riƙe rigunan sanyi a jaka, don magariba kafin ƙarfe shida take yi, rana na faɗuwa gari yake juyewa. In za a kai su sallar asuba a Harami a sa musu safa mai kauri, marmarar harabar nan kamar ƙanƙara take.

Hadari ne kawai zai sa in ce a zauna. Ruwan ƙasar nan a watannin sanyi ya fi zuwa, kuma ƙasar ba ta shanye shi. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba, wadda ta ci fiye da mutum 100. In an fita shan iska bayan gari, kada a shimfiɗa tabarma a cikin kwari don an ga yashi mai laushi. Ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya isowa alhali ko ɗigo bai sauka a kanku ba. In saƙon gargaɗi ya shigo waya, ko aka ce yau karatu ta manhajar intanet ta Madrasati za a yi daga gida, sai a naɗe tabarmar a bari sai wata Asabar.