Bayan shekara 40: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tambayoyin da waɗanda suka haura shekara 40 ke yi mini kan lafiyarsu ba sa canzawa, a asibiti ne ko a gidan suna. Ga amsoshin a rubuce, a karanta a bar ni in huta.

Sai na nisanta waya kafin in iya karanta saƙo. Makanta ce ta kama ni?

A'a, Malam. Kusan kowa haka idonsa yake yi daga shekara 40. Je ka a auna ka, a ba ka tabarau. Tunda ka je, a duba maka hawan jinin ido, domin shi ba ya sallama kafin ya ci gani.

Furfura fa?

Gado ne da shekaru. Ba cuta ba ce.

Kaina ba ya ciwo, don me zan auna jini?

Wa ya ce maka hawan jini sai da ciwon kai? Da yawa ba sa jin komai har ranar da ɓarin jiki zai shanye, sannan dangi su ce jifa ne. In awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, kana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma dunƙulen da ake zubawa a miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin.

Jinina ya sauka. In daina shan maganin?

A'a. Maganin ne ya saukar da shi.

Ina da ciwon suga, ga kuma hawan jini. Zan iya azumi?

To, wannan ba a amsa ta a tsaye. Ya danganta da irin maganin da kake sha, da lafiyar ƙodarka, da yadda sugan ya kasance a watannin baya. Mai shan ƙwayar suga ta metformin kaɗai, sugansa kuma a daidaice, galibi yakan iya, sai dai a sauya masa lokacin sha zuwa buɗa-baki da sahur. Mai shan ƙwayar suga ta glibenclamide ko mai allurar insulin lamarinsa daban ne, domin suga na iya faɗuwa warwas da la'asar. In kuma cikin magungunan jininka akwai mai sa yawan fitsari, azumin ya faɗo lokacin bazara, ƙishirwa na iya taɓa ƙoda. Wani a rage masa, wani a canza masa, wani a ce kada ya yi sam. Ba zan yanke maka hukunci ban ga katinka ba. Ka ga likitanka tun sauran mako 6 zuwa 8, ba ranar da aka ga wata ba.

In an yarje maka, ka riƙa auna suga da rana. Malamai da yawa sun ce wannan ɗigon jinin na yatsa ba ya karya azumi. In sugan ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 (a ma'aunin mg/dL), ko ka ji karkarwa, gumi da jiri, ka karya azumin nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, batun ramuwa ko ciyarwa kuwa ka tambayi malaminka. Sannan don Allah a daina rama yunwar yini da kunu mai zaƙi da lemon kwalba.

Al'adata ta rikice, ga zufa da dare. Lafiya?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Yawancin mata takan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55. Sai an yi wata 12 cur babu jini ake cewa ta tsaya, kafin nan ciki na iya shiga. Amma in jini ya dawo bayan ta tsaya, ko ɗigo ne, ki zo asibiti. Ban ce jiƙo ba.

Gwiwa ta dame ni, kullum sai na sha diclofenac.

Kullum? Ga hawan jini? Ƙodarka da cikinka kake kashewa. Rage tumbin nan, ka riƙa tattaki na minti 30 a yawancin ranakun mako, ka kuma kawo gwiwar a duba ta.