Aiki ya samu ina da cikin wata biyar, hutun haihuwa kuma sati huɗu: in karɓa?

Wata ƙanwata a Tudun Wadan Zariya ta shigo da takardar ɗaukar aiki, an ninke ta huɗu a cikin jaka. Wata makarantar kuɗi ce a Samaru ta ɗauke ta, bayan ta yi shekara biyu tana nema. Cikinta wata biyar. A shafi na biyu an rubuta: hutun haihuwa sati huɗu, ba albashi. Ga tambayoyin da ta yi min da abin da na ce mata, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Yaya, me doka ta ce?

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki sati 12: shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, shida bayan haihuwa. Na bayan haihuwar ma dokar hanawa ta yi a bar ta ta yi aiki. Ba a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu, kuma mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana don ba da nono.

Sai dai akwai wurare biyu da ake tuntuɓe. Na farko, rabin albashin da dokar ta ce a biya a lokacin hutun, sai wadda ta yi wata shida a jere tana aikin kafin ta tafi hutu. Ke da za ki fara da cikin wata biyar, wata huɗu ya rage ki sauka in Allah ya yarda, ba za ki cika shidan ba. Na biyu, dokar ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru daga waɗanda take kira ma'aikata, don haka mai digiri takan wayi gari ta ga takardar da ta sa wa hannu ita ce madogararta. Shi ya sa nake ta nanata maganar takardar nan.

Amma maƙwabciyarmu wata shida ta yi a gida.

Ma'aikaciyar jiha ce. A 2019, zamanin Nasir El-Rufai, gwamnatin Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta wata shida, Legas kuwa ta riga ta tun 2014. Makarantar kuɗi, asibitin kuɗi da kamfani ba sa cikin wannan tsarin.

Sati huɗu ba zai ishe ni ba, in na daure?

Ɗauko kalanda mu ƙirga. Sati huɗu kwana 28 ne. Rana ta bakwai suna. Ranar da za ki koma aiki ba ki yi arba'in ba, kina tsakiyar wankan jego, jinin biƙi ma wataƙila bai ɗauke ba. Rigakafin sati shida bai zo ba, ga na sati 10 da na 14 a gaba, kuma kowanne wuni guda yake ci a layin asibiti. Wannan duk in haihuwa ta zo da sauƙi ne. In tiyata aka yi, jiki yakan ɗauki kamar sati shida kafin ya fara dawowa daidai, kuma ki tuna hanyar: daga Tudun Wada ki bi ta Kwangila zuwa Samaru a Keke Napep, safe da yamma, da ɗinki a mara.

Ga kuma nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida. Jaririn wata ɗaya yakan sha sau takwas ko fiye a kwana guda. Wa zai riƙe shi? In Hajiya ce a gida, za ki tatsa ki bari, to ina za ki ajiye, da wutar nan tamu? In da shi za ki tafi da 'yar raino, akwai ɗakin da za su zauna? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sati 14 ta sa a matsayin mafi ƙaranci. A wurina sati huɗu bai kai a kira shi hutun haihuwa ba.

In gaya musu ina da ciki, ko in yi shiru hijabi ya rufa min asiri?

Ki faɗa. Yanzu ne lokacinsa, takarda tana hannunki, ba ki sa hannu ba tukuna. Abin da hijabi ya ɓoye yau zai fito nan da wata biyu, sannan a ce kin yaudare su. Yadda fuskar mai makarantar za ta yi in kin faɗa ma amsa ce: daga nan za ki san abin da zai faru ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Me zan roƙa?

Ki je da abu a hannu, kada ki je da "a taimaka min" kawai. Ki nemi sati 12 ko da wani ɓangaren ba albashi, in dai kujerarki tana nan. Ko a ɗaga ranar fara aiki zuwa zangon karatu na gaba, bayan kin haihu. Makarantu da yawa wannan ya fi musu sauƙi a kan neman malamar riƙo a tsakiyar zango. Ko ki dawo da rabin wuni na wata ɗaya. Duk abin da aka amince, a rubuta shi a takardar, da sa hannu da kwanan wata. "Haba Malama, ai mu ma iyaye ne" magana ce mai daɗi, amma in an kai ga Kotun Ma'aikata a Kaduna takarda za a nema.

In sun ƙi fa?

Nan ba zan yanke miki ba, don ni ba ni na san tukunyar gidanki ba. Ki zauna da maigida ku cire kuɗin mota, na 'yar raino, da na madarar gwangwani in nono ya ja baya, ku ga abin da ya saura a albashin. In albashin nan shi ne abincin gida, ki karɓa ba tare da jin kin yi laifi ba, amma tun yau ki shirya mai riƙon yaro, ki kuma gaya wa likitan awo ranar da aka ce ki koma, ya faɗa miki ko jikinki zai ɗauka. In kuwa gida zai iya jure wata bakwai zuwa takwas ba shi, ni dai da ni ce, zan rubuta musu godiya, in ce ina nan bayan na yi arba'in da wata biyu, in gurbin bai cika ba.

Ƙanwata ta mayar da takardar jaka, ta ce ranar Litinin za ta je ta nemi a ɗaga mata zuwa zango na gaba.