A Zare Tsumman Nan Daga Jikin Taga

Yaro na uku ke nan cikin wata guda da aka kawo mana asibiti da tarin dare, ƙirjinsa yana fito. A ba shi magani ya samu sauƙi, bayan mako biyu a dawo da shi. Da na bi su gida, abin da na tarar iri ɗaya ne: tsohon gini, tagar katako, tsakanin firam da bango ya buɗe, an cuccusa tsumma da kwali a ciki. Na zaro tsumman, jiƙe sharkaf, ya yi baƙi ƙirin. Shimfiɗar yaron kuwa tana ƙarƙashin tagar.

Iyayena mata, na san da kyakkyawar niyya kuke yi. Ruwa yana shigowa, sanyi yana kaɗa yara, uwa ba za ta zuba ido ba. Amma tsumma ba ya tare ruwa, shanye shi yake yi ya riƙe. Abin da ya jiƙe bai bushe ba, cikin kwana ɗaya zuwa biyu fumfuna kan fara kama shi. Katakon da ke jingine da jiƙaƙƙen tsumma duk damina ruɓewa zai yi, kafar ta ƙara faɗi, ku kuma ku ƙara tsumma. Haba jama'a! Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan danshi da fumfuna a cikin ɗaki, ta danganta su da tari da tashin asma. Mu kuma da hannunmu muke kiwon su a kan 'ya'yanmu.

Wani maigida ya ce mini ai yana canja tsumman. Yaushe? Sai ya yi wari. To kafin hancinka ya ji, huhun yaron ya daɗe yana shaƙa.

Gyaran bai kai wahalar da ake zato ba. A jira ranar da babu ruwa. A zare tsumman a jefar, kada a wanke shi a mayar. A goge wurin da ruwan sabulu, a bar taga a buɗe har katako ya bushe sarai. Wanda ya toshe shi a jiƙe, ruɓa ya kulle a ciki. A danna katakon da ƙusa: inda ta nutse ya mutu, sai kafinta ya yanke ya sa sabo. Sannan a bi tsakanin firam da bango da abin liƙe kafa irin wanda aka yi don wajen gini, daga waje, domin ta can ruwan yake shigowa. Idan za a yi fenti a kai, a nemi wanda ke karɓar fenti, silikon zalla ba ya karɓa. Kafar da ta wuce milimita 6 a fara cusa mata igiyar soso da aka yi don haka. Soso na ce, ba tsumma ba. Foti, wato abin da ke riƙe gilashi a jikin katako, in ya farfashe, a sake shi.

Akwai ɗan kwarmi a ƙarƙashin dandamalin taga ta waje, wanda ke sa ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango. Kada a cike shi. Kada kuma a liƙe murfin tagar gaba ɗaya, ɗaki yana buƙatar shan iska kullum.

Sai batun tsohon fenti. Yakan ƙunshi gubar dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Kada a kankare shi a bushe. A jiƙa shi tukuna, a fitar da yara da masu juna biyu, a kwashe ɓarɓashin da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Kafin a samu halin gyara, a janye shimfiɗar yara daga jikin tagar yau ɗin nan. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja iska, a kawo shi asibiti, kada a jira gari ya waye.