Samari, ku ajiye tukunyar shishar nan

Layin awon hawan jini a ɗakin shan maganinmu ya sake kama. A da dattawa masu furfura da iyayenmu mata ne ke cika benci. Yanzu a tsakiyarsu sai ka ga saurayi ɗan shekara 27 ko 32: direban Adaidaita Sahu, tela, mai sayar da waya, ɗalibi. Ciwon kai, jiri, faɗuwar gaba, wani kuma ƙirjinsa ke yin nauyi idan ya hau bene. A ɗaura masa na'ura a dantse, ta nuna 150 bisa 95, ta wani ma ta haura 160. Awon da ya kai 140 bisa 90 kuma ya ƙi sauka, hawan jini ne, ko da gemunka bai gama fitowa ba.

Idan na tambaya ko ana shan taba, amsar kusan kullum iri ɗaya ce: "A'a wallahi likita, ni ba na shan sigari, sai dai shisha jefi-jefi." Wannan amsar ta ishe ni.

Na san rayuwa ta sauya. Iyayenmu a shekarunku da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, mai hali ya taka keke, a dawo a ci tuwo da miyar kuka mai daddawa. Yau saurayi zai wuni zaune a shago ko a kan babur, dare ya yi ya nufi teburin mai shayi, a soya masa taliya da ƙwai huɗu, a ƙara dunƙule a kan sinadarin da ke cikin leda, ya kora da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini guda kada ya kai giram 5, wato bai cika cokalin shayi ba. Ga lemon ƙara kuzari don korar barci, ga tumbi tun kafin aure. Duk waɗannan suna wahalar da zuciya. To amma abinci dole a ci, sana'a dole a yi. Shisha fa, wace dole ce ta kai ku?

Lokacin da muke samari, mai shan sigari a unguwa ɓuya yake yi a lungu, ya tauna goro ko alewa kafin ya shiga gida. Kunya kaɗai ta hana da yawa farawa. Shisha ta shigo babu wannan kunyar. A majalisa ake kafa ta, a wurin biki ake kunna ta, a ɗauki hoto a sa a TikTok. Don tana ƙamshin tuffa da na'a-na'a da kankana, sai aka ɗauka wani abu ne daban. Taba ce, ƙannena. Taba ce aka jiƙa da zaƙi da ƙamshi.

Sai a ce ai ruwan da ke ƙasan tukunya yana tace dattin. Ba ya tacewa. Sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ba ya ƙona maƙogwaro, shi ya sa kuke zuƙa har ƙasan huhu kuna maimaitawa. Karan sigari cikin 'yan mintoci yake ƙarewa, zaman shisha kuwa yakan ɗauki minti 20 zuwa 80. Tun a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa yawan hayaƙin da mutum zai zuƙa a zama ɗaya na iya kai na karan sigari 100 ko fiye. Wannan ne kuke kira jefi-jefi?

Nikotin da ke ciki yana matse jijiyoyin jini, ya ƙara wa zuciya gudu, jini ya hau. Sannan ga gawayin da ake ɗorawa a sama. Iskar gubar da ke kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki da hunturu, ita ce gawayin shisha ke fitarwa, ku kuma kuka sa mesa a baki kuna janta da kanku. Tana hana jini ɗaukar iskar da zuciya ke buƙata. Wannan jirin da kuke ji kuna cewa ta "kama", gargaɗi ne jiki ke muku. Masu cewa tasu ta ganye ce babu taba a ciki, gawayin dai yana nan.

Wallahi ba don in tozarta kowa nake wannan magana ba. Na san matsin da kuke ciki: ciniki babu, kuɗin mai ya tashi, aure ya gagara, dare ya yi kana so ka zauna da abokai ka manta. Amma ni nake ganin abin da ke biyo baya. Magidanci bai kai 40 ba ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, mahaifiyarsa da ya kamata a ce shi ke jinyarta ita ke ba shi koko a baki. Wanda kuma ya kai tukunyar har ɗakin amaryarsa, ga ciki ga goyo, ƙofa a rufe, ya sani su ma suna sha tare da shi. Haba! Wannan ba daidai ba ne.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma yara nawa ke zaune a gefen tukunyar yayyensu suna jiran mesa ta zagayo? A 2017 Ruwanda da Kenya suka haramta shisha baki ɗaya. Mu kada mu tsaya jiran hukuma.

Wanda ya daina taba, cikin shekara guda haɗarin ciwon zuciyarsa yakan ragu da kusan rabi. Ku kuwa jikinku na da sauran ƙarfin farfaɗowa. Don haka:

- Ku daina shisha gaba ɗaya. Ragewa ba ta wadatar ba, kuma kada a koma sigari.
- Tukunyar da ke ɗaki a fasa ta, kada a ba ƙane.
- A je a auna jini ko da lafiya lau ake ji, musamman idan uba ko uwa na da hawan jini ko ciwon suga.
- Tafiyar ƙafa da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Ƙwallon yamma ma ta yi.
- A rage dunƙule, gishiri da lemon kwalba.
- Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya tsayar don ya ji sauƙi.
- Ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ba kemis ba.