Wu Lei

Wu Lei ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne ɗan ƙasar Sin, ɗan wasan gaba, an haife shi ranar 19 ga Nuwamba 1991 a birnin Nanjing da ke lardin Jiangsu. Shi ne wanda ya fi kowa cin ƙwallaye a tarihin babbar gasar lig ta ƙasar, kuma shi ne ɗan Sin na farko da ya zura ƙwallo a La Liga. Kulob biyu kawai ya bugawa, Shanghai Port da Espanyol ta Sifaniya, abin da ba kasafai ake gani ba a wannan zamani da 'yan wasa ke sauya riga kusan duk kaka.

Tasowarsa

A 2003, bai cika shekara 12 ba, ya bar gida ya shiga makarantar ƙwallo ta Xu Genbao a tsibirin Chongming kusa da Shanghai. Xu tsohon koci ne mai zafi da ya tara yara ƙanana ya killace su wuri ɗaya, nan suke kwana nan suke karatu nan suke atisaye, da burin sai ya gina kulob daga tushe ba da sayen 'yan wasa ba, kuma shi ne ya riƙa kiran yaron Maradonan Sin. Da waɗannan yaran aka kafa Shanghai East Asia, kulob ɗin da daga baya ya zama Shanghai Port. Ranar 2 ga Satumba 2006 Wu Lei ya buga wasansa na farko a rukuni na uku yana ɗan shekara 14 da kwana 287, babu wanda ya taɓa buga wasan ƙwararru a ƙasar da ƙarancin shekaru haka. Kulob ɗin ya hau rukuni na biyu a 2007, ya ɗan jima a can, sai a 2012 suka ɗauki kofin rukunin, shi kuma ya ci ƙwallaye 17.

Zamanin kuɗi

Lokacin da suka shigo babbar lig a 2013 ya yi daidai da lokacin da kamfanoni suka fara zuba kuɗi ba ji ba gani a ƙwallon Sin. Kamfanin tashar jiragen ruwa na Shanghai ya karɓi kulob ɗin aka koma kiransa Shanghai SIPG, aka kawo Sven-Göran Eriksson, aka sayo Asamoah Gyan na Ghana a 2015, daga baya Hulk da Oscar 'yan Brazil suka biyo. A irin wannan yanayi ɗan wasan gaba na gida yawanci benci yake komawa, don kulob ba zai kashe miliyoyi a kan baƙo sannan ya ajiye shi ba, to shi Wu Lei bai koma benci ba, gefe ya koma yana bugawa, kuma tun daga 2013 har 2018 duk kaka shi ne ɗan gida da ya fi cin ƙwallaye.

Salon wasansa ba na yanka ba ne, ba shi da jiki kuma ba mai riƙe ƙwallo ba ne. Abin da ya iya, kuma gaskiya ya iya shi fiye da yadda ake yaba masa, shi ne gudu ba tare da ƙwallo ba, sai ka ga ya lafe a bayan ɗan baya yana jiran daƙiƙar da Oscar zai ɗaga kai, kafin a ankara ya ɓalle ya tsallake satar gida ya rage daga shi sai gola. Masu sukarsa na cewa yana ɓarar da damarmaki da yawa, kuma ba ƙarya suka yi ba yana ɓararwa, amma sai mutum ya kai kansa wurin tukuna ake maganar ɓararwa, kuma 'yan wasan ƙasarsa kaɗan ne ke iya kaiwa wurin.

Kakar 2018 ce komai ya haɗu. Ƙarƙashin koci Vítor Pereira SIPG ta ɗauki kofin lig karon farko, ta kawo ƙarshen mulkin Guangzhou Evergrande da ta ɗauka sau bakwai a jere, Wu Lei ya ci 27 ya karɓi takalmin zinare da kyautar gwarzon shekara. Wanda ya biyo shi a jerin shi ne Odion Ighalo na Najeriya da ya ci wa Changchun Yatai 21. Rabon da ɗan gida ya karɓi takalmin tun Li Jinyu a 2007.

Espanyol

A Janairun 2019 ya je gasar kofin Asiya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ji rauni a kafaɗa a wasan farko amma duk da haka ya ci Filifin biyu, bayan an fitar da Sin daga gasar sai ya sa hannu a Espanyol. Da yake mai kulob ɗin a lokacin, Chen Yansheng, ɗan kasuwa ne ɗan Sin, mutane da yawa sun ɗauka cinikin riga ne kawai aka yi. Ranar 2 ga Maris 2019 ya ci Real Valladolid, a wasan ƙarshe na kakar kuma ya ci Real Sociedad, nasarar da ta sa Espanyol ta ƙare ta bakwai ta samu gurbin Europa League, inda a can ma ya ci CSKA Moscow. Ƙwallon da aka fi tunawa dai ita ce ta 4 ga Janairu 2020 a wasan hamayya da Barcelona, ya shigo daga benci ana cin su 2-1, minti na 88 ya shiga ta dama ya buga ta ƙasa ta wuce gola Neto aka tashi 2-2.

Bayan nan abubuwa sun yi tsauri. Ya kamu da korona a Maris 2020, a ƙarshen kakar Espanyol ta faɗa rukuni na biyu, kuma a nan ne ya yi abin da ya kamata a riƙa tuna shi da shi, don da ya so da ya koma gida inda albashi ya fi kuma shi ne sarki, amma ya zauna ya buga rukuni na biyun har suka ɗauki kofinsa a 2021 suka dawo. Lokacin wasansa ya yi ta raguwa, sai a Agustan 2022 ya koma Shanghai bayan wasa 126 da ƙwallo 16. Adadin ba shi da yawa, amma a shekarun nan shi kaɗai ne ɗan Sin da ke bugawa a ɗaya daga cikin manyan lig biyar na Turai.

Komawa gida da tawagar ƙasa

Ya tarar kuɗin da aka sani sun ƙare, manyan baƙi sun watse, an ma hana kulob ɗaukar sunan kamfani shi ya sa aka koma Shanghai Port. Sun ɗauki lig a 2023, a 2024 ƙarƙashin Kevin Muscat suka haɗa lig da kofin FA, shi kuma yana shekara 32 ya ci 34 a kaka ɗaya, ya goge tarihin 29 da Eran Zahavi ya kafa a 2019. Raunin gwiwa da ya ji a ƙarshen kakar ya kai shi ga tiyata.

A tawagar ƙasa labarin ya fi nauyi. Tun Fabrairun 2010 ya fara sa rigar Sin, ya ci ƙwallaye fiye da 30, amma ƙasar sau ɗaya tak ta taɓa zuwa kofin duniya, a 2002, kuma duk lokacin da aka gaza shi ake fara nunawa da yatsa. A kofin Asiya da aka yi a Katar a farkon 2024 Sin ta fita ba ta ci ko ɗaya ba, damar da ya ɓarar a wasan Labanon ta jawo masa zagi sosai a intanet, wanda a gaskiya ya wuce kima, don a tawagar babu mai ba shi irin ƙwallon da yake samu a kulob. Wata biyu bayan haka, a wasannin neman gurbin kofin duniya na 2026, ya ci Singafo huɗu a wasa biyu, biyu a waje biyu a gida.