Smoke on the Water: waƙar da gobara ta haifa

Wai da gaske ne gobara aka yi wa waƙar?

Ƙwarai kuwa. A watan Disamba 1971 'yan ƙungiyar kiɗan rock ta Deep Purple, masu waƙar, suka taso daga Ingila zuwa Montreux a Suwizalan, da motar ɗaukar sauti da suka yi haya wurin ƙungiyar Rolling Stones, niyyarsu su naɗi sabon kundi a gidan cacan garin. Ranar 4 ga wata mawaƙin Amurka Frank Zappa yana tsaka da wasa a ciki wani ɗan kallo ya harba bindigar nan mai tartsatsin wuta sama, silin ya kama, kafin ka ce kwabo gini ya ƙone ƙurmus. Allah ya kiyaye ba wanda ya rasu, Claude Nobs, mai shirya bikin kiɗan jazz na garin, ya yi ta fito da matasa daga ciki, shi ya sa ma aka ambace shi a baitin waƙar. Hayaƙin da ya kwanta kan tafkin Janeba kuma shi ya ba Roger Glover, mai kaɗa jitar bass ta ƙungiyar, sunan waƙar, wato hayaƙi a kan ruwa.

To a ina suka naɗe ta tunda wurin ya ƙone?

Nan ne labarin ya fi min daɗi wallahi. Sun koma wani zaure, Pavillon, cikin dare suna ta dukan kaya maƙwabta suka kira 'yan sanda, yaran mawaƙan suka tokare ƙofa har aka gama ɗaukar kiɗan. Daga nan sai Grand Hotel da yake rufe saboda hunturu, a korido suka jera ganguna, suka jingina katifu a bango.

Me ya sa duk mai koyon jita da ita yake farawa?

Sauƙi. Sauti huɗu ne kacal ake ta juyawa. Amma yawanci kuskure ake yi, Ritchie Blackmore, mai jitar ƙungiyar, tsirkiya biyu yake fizga lokaci guda da yatsu, ga ogan ɗin Jon Lord yana gurnani a ƙarƙashi, nauyin daga nan yake.

Ta yi kasuwa nan take?

Ina! Su kansu ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Ta fito cikin kundinsu Machine Head a 1972, sai a 1973 aka sake ta ita kaɗai a Amurka ta hau lamba 4 a jerin waƙoƙin da ke tashe na mujallar Billboard. An sake gina gidan cacan a 1975.