Kuɗin gudanar da rediyon gwamnati da harsunan jihar Damagaram

Gidan rediyon ƙasar Nijar ya soma aiki a 1958, kuma tun 1974 ake kiran sa Muryar Sahel. Hukumar rediyo da talabijin ta ORTN da aka kafa a 1967, wadda ta koma RTN a 2022, ita ta riƙe shi tare da talabijin na ƙasa, kuma tana da tashar jiha a Zinder, babban birnin jihar Damagaram. Kuɗin tafiyar da wannan aiki daga hanyoyi uku suke fitowa: tallafin baitulmali, harajin da ake ɗorawa a kan takardar kuɗin wuta ta kamfanin NIGELEC, da abin da ake samu daga talla da sanarwowi, irin na biki da rasuwa da cigiya.

Hausa ce ta fi yawan masu magana a jihar Damagaram. Sai dai akwai Barebari a yankin Gure, da Buzaye a Damargu wajen Tanut, da Tubawa a Tesker, ga Fulani makiyaya warwatse ko'ina. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, har da Barbarci da Fulatanci da Buzanci da Tubanci. A 2025 kuma aka ayyana Hausa ita kaɗai a matsayin harshen ƙasa.

Matsalar kuɗi a kan ƙananan harsunan ta fi nauyi. Ɗan kasuwa da ke son tallar hajarsa a Zinder filin Hausa na rediyo zai saya, domin nan masu saye suke. Filin Tubanci ba ya jawo talla, alhali makiyayin da ke bakin rijiya a Tesker ya fi kowa buƙatar labarin rigakafin dabbobi da farashin hatsi, kuma rediyo mai batir ce sau da yawa kaɗai ke isa gare shi. Saboda haka irin wannan fili kusan kacokan ya dogara ga baitulmali. Idan kasafi ya matse, fitar ɗan rahoto zuwa daji ce ke fara tsayawa, don mai da mota su ne masu cin kuɗi, sai fili ya koma fassarar labaran Yamai kawai.

Rediyoyin karkara, waɗanda aka fara da na garin Bankilare da ke jihar Tillaberi a 1999, sun rage wannan giɓi. Akasarinsu da 'yan sa-kai da hasken rana suke aiki, kuma kuɗinsu daga sanarwowi da kwangilar ƙungiyoyin agaji yake zuwa, wanda kan yanke da zarar aikin ƙungiyar ya ƙare.